Direban Motar Drenova da Ya Ce Ya Ƙoshi

Ƙarfe biyar na asuba Vitomir Mančić yake tashi, ba tare da kowa ya tashe shi ba. Zai dafa gahawa a 'yar tukunyar tagulla, ya zuba kofi biyu, shi da matarsa Biserka su zauna a kicin su sha a natse, ba rediyo, ba waya. Daga nan ya rataya jakarsa ya taka da ƙafa zuwa tashar motoci ta Pirot, tafiyar minti ashirin, ko ana ruwa ko ana zubar dusar ƙanƙara. Kafin ya shiga mota sai ya zagaye ta sau ɗaya, ya bubbuga kowace taya da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ko mai ya ɗiga. Shida da minti goma daidai bas mai zuwa Drenova take barin tasha. Da azahar yana gida yana cin abinci da matarsa, ya ɗan kishingiɗa na rabin awa, ya koma ya yi sawu na biyu. Kafin rana ta faɗi ya dawo, yana bayan gida yana duba amyoyin zumarsa.

Kowa Vita yake ce masa. Shekararsa hamsin da huɗu, kamar ni, domin benci ɗaya muka zauna a firamare. Kuma shi ne kum ɗina, wato shi ya tsaya mini shaida a coci ranar aurena, kun kuwa san a wajenmu wannan ya fi zumuncin jini nauyi. A wannan watan ya cika shekara talatin yana bin hanya ɗaya: kilomita talatin da takwas daga gari zuwa kan dutse, ƙauye biyar, kwana-kwanar da take sa baƙo amai. Motoci uku ya tsofar a kanta. Kamfanin ya ba shi takardar yabo da agogon hannu, aka yi tafi aka watse. Ni dai na ga abin bai isa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai kuma wani laifi da na yi masa, wanda nake so in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Drenova ce ƙarshen hanya, daga ita sai daji. A can aka haife ni, kuma a can mahaifiyata Stanija take zaune ita kaɗai a gidan da mahaifinmu ya gina, tana da shekara tamanin da uku. Lokacin muna yara makarantar ƙauyen cike take. Yau mutum arba'in ne suka rage, ƙaraminsu ya haura sittin. Babu kanti, babu asibiti, mai kawo wasiƙa ma ya daɗe da daina hawowa. Abin da ya rage tsakanin waɗannan tsofaffi da sauran duniya shi ne motar Vita. Duk ranar da ta daina zuwa, mahaifiyata ba za ta iya zama a gidanta ba, kuma ta san haka.

Kun san halinmu, ba ma kai saƙo gidan waya muddin akwai direba. To bayan kujerar Vita kasuwa ce guda. Da safe yana hawa da burodi, magani, batir, gishiri, tabarau da aka gyara. Da ya juyo kuma ga cuku a gwangwani, ga ƙwai an naɗe kowanne a takardar jarida, ga kwalaben ajvar, wato markaɗen gasasshen tattasai, na jikokin da ke karatu a gari. Bai taɓa rubuta komai ba, bai kuma taɓa kai saƙon wani gidan wani ba. Mai sayar da tikiti a tasha ta gaya mini a shekara talatin ba ta taɓa ganin ya mayar da saƙon kowa ba, har da na wani tsoho da ya aiko da sarauniyar zuma a kwalin ashana. A aljihun rigarsa ya sa ta don kada sanyi ya kashe ta. Ma'aikaciyar jinyar da ke hawa ƙauyukan sau ɗaya a wata ta ce kafin ta buɗe jakarta Vita ya riga ya gaya mata wanda ƙafarsa ta kumbura da wadda ta daina cin abinci. Shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya saura kilomita uku a isa Drenova kuwa, mutanen ƙauyen da idonsu suka hango shi yana tahowa a ƙafa, buhun burodi da magani a bayansa, yana nutsewa har gwiwa. Da ya iso bai yi wani dogon bayani ba, ya sha shayi ya juya.

Amma ba don waɗannan kawai nake yi masa jinjina ba. Masu kirki suna da yawa a ƙasar nan. Abin da ban taɓa gani a wajen wani sa'anmu ba shi ne mutumin da zai kalle ka ya ce abin da yake da shi ya ishe shi, kuma ka duba fuskarsa ka ga ba ƙarya yake yi ba.

Mu tsararsa ba haka aka yi mu ba. Mun taso a lokacin da komai ya rushe, sai muka kama gudu, har yau ba mu tsaya ba. Ni ina da ofishin fito da kaya a kan iyaka, wayoyi biyu, hawan jini, da gyambon ciki da ya hana ni cin tattasai, ni ɗan Pirot, inda ba a cin abinci sai da shi. Kilomita talatin da takwas ne tsakanina da mahaifiyata, amma a da sau uku nake ganinta a shekara. Duk Juma'a zan tsaya a tasha, ko injin mota ban kashe ba, in miƙa wa Vita ledar maganinta ta taga, in ce ya gaishe ta. Yakan ce, “Za ta ji, kum,” shi ke nan. Bai taɓa yi mini wa'azi ba, wanda hakan ya fi wa'azin zafi.

Duk shekara biyar mukan yi taron 'yan ajinmu, kuma kowa ya san ba zumunci ake zuwa yi ba, baje koli ne. Wane ya sayi gida a Belgrade, wance ɗanta yana Vienna, wane ya sake mota. A nan muka laƙaba masa suna Kilomita Talatin da Takwas. Sau uku kamfaninsu yana ba shi kujerar shugaban tasha yana ƙi, da muka tambaye shi dalili sai ya ce ya je ya duba ofishin, tagarsa ba ta tafiya. Muka yi ta dariya, wani ya ce mutuwar zuciya ce kawai. Ina kallo aka gama cin abinci, kowannenmu ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwayarsa, mai ta suga, mai ta zuciya, mai ta ciki. Vita kuwa ya kira mai hidima ya ce a ƙaro masa faranti na biyu. Na ga wannan da idona, amma ban fahimci komai ba.

Sai watan Agustan bara waccan, lokacin da 'yan ci-rani suke dawowa hutu da manyan motoci su cika mana tituna. Yayan Biserka, Zvonko, ya zo daga Stuttgart ta ƙasar Jamus. Shekara ashirin da biyu yana can, ya yi tumbi, ya yi furfura, kuma ba ya iya zama minti goma bai gaya maka faɗin bayan motarsa ba. Ya zo da takardu: ana neman direbobin bas ido rufe, albashi ya ninka na nan sau huɗu. Da farko Vita ya yi murmushi ya ce ya gode. Sai Zvonko ya taɓa inda ke masa ciwo. Ɗan Vita ɗaya tilo, Uroš, yana shirin aure a Belgrade, kuma a ɗakin haya yake.

A gabana ya faɗa, muna zaune a ƙarƙashin inabin gidansu. “Suruki, kai dai ka ji daɗinka, ka ci wake ka yi barcin rana. Amma wane irin uba ne ɗansa zai kai amarya gidan haya shi yana wasa da ƙudan zuma?”

Na ga wuyan Vita ya yi ja. Shekara da shekaru muna yi masa ba'a bai taɓa jin ta a jikinsa ba, wannan kuwa ta shiga.

Manajan kamfanin bai ɓoye komai ba. Ya ce direbobi shida sun tafi waje a shekara biyu, babu wanda zai karɓi hanyar dutse, don haka idan Vita ya ajiye makulli a ƙarshen wata, layin Drenova ya rufe ke nan. Duk da na san haka, ni na cike masa takardun, tunda ni ne mai Jamusanci. Na zauna ina nuna masa inda zai sa hannu, ina ce masa ya tashi ya nemi na kansa ko sau ɗaya a rayuwa. Ga laifin da na ce zan faɗa. Ba don Uroš na yi ba, ba kuma don Vita ba. Na lissafa a raina cewa idan mota ta daina zuwa, dole mahaifiyata ta sauko ta zauna a gidana, a bene na huɗu, in huta da kunyar rashin zuwa ganinta. Alhali ta taɓa gaya mini cewa ranar da zan ɗora ta a benen nan, in biya ta wajen limamin coci in ce ya fara shirin binne ta.

Vita ya sa hannu. A makonni ukun da suka biyo baya Biserka ta ce ta kasa gane mijinta. Ya daina cinye abincinsa, ya daina leƙa amyoyi, in ya kishingiɗa da rana sai ya yi ta kallon rufi. Da ya je gwajin lafiyar da ake buƙata, likita ya ce jininsa ya hau, karo na farko a rayuwarsa. Ya gaya mini, ni kuwa na dafa kafaɗarsa na ce, “Barka da shigowa cikinmu, kum.” Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Labari ya kai ƙauyuka. Na ɗauka tsofaffin za su haɗa wakilai su sauko su roƙe shi, har na shirya amsar da zan ba su. Babu wanda ya zo, babu wanda ya aiko. Ranar Juma'ar ƙarshe na bar motata na hau bas ɗinsa, karo na farko a shekara goma sha ɗaya, don in je in ce wa mahaifiyata ta haɗa kayanta.

A ƙauyen farko wata tsohuwa mai suna Leposava tana tsaye a bakin hanya da sanda, ta rungumi gwangwanin cuku an ɗaure shi da igiya. Vita ya buɗe ƙofa ya karɓa kamar kullum, sai ya duba takardar da aka liƙa a kai. Sunan ɗanta ne, da adireshinsa a Hamburg.

Ya ce, “Inna, ai Stuttgart zan je. Hamburg tana can ƙarshen ƙasar, tafiyar yini guda ce.”

Ta ce, “Ai duk Jamus ce, ɗana. In ka zo wucewa ta layinsu sai ka danna masa hon sau biyu, zai fito.” Sannan ta matso ta rage murya. “Ka ce masa lafiyata ƙalau. Kada ka yi masa zancen ƙafar nan.”

Na kusa yin dariya, sai na ga fuskar Vita, na haɗiye ta. Ya sauka ya buɗe ma'ajiyar kaya ya saka gwangwanin a hankali.

Haka abin ya ci gaba a kowace tsayawa. Mutanen da suka yi kusan shekara talatin suna ba shi saƙo ya kai gari sun ji direbansu zai tafi Jamus, sai suka yi abin da suka saba. A tunaninsu can ma hanya ɗaya ce mai ƙauye biyar, kowa ya san kowa. Akwai zuma zuwa Munich, safar ulu zuwa Frankfurt, busasshen tattasai zuwa Vienna. Wani tsoho ya kawo saƙo zuwa Sweden, da Vita ya ce wannan wata ƙasa ce daban, sai ya ce ai dai ta can wajen take. Kowane ƙunshi da maganarsa ta baki, kuma kusan duk iri ɗaya ce: a ce ina lafiya, a ce kada ya damu, a ce gidan yana nan. Babu ko mutum ɗaya da ya ce masa kada ka tafi. Sun yi masa addu'a, wasu suka sumbaci goshinsa. Waɗannan mutane sun raka 'ya'yansu bakin hanyar nan ɗaya bayan ɗaya, sun riga sun saba cewa duk mai sauran ƙarfi tafiya yake yi.

Kafin mu isa Drenova ƙunshi ashirin da shida ne a cikin mota. Mahaifiyata ta cike na ashirin da bakwai, kwalbar ajvar zuwa ga ƙanwata da ke Munich. Ta kuma miƙa wa Vita safa ƙafa biyu da ta saƙa masa, ta ce an ce can ma ana sanyi. Na ja ta gefe na fara bayanin da na haddace, cewa benen yana da ɗumi, akwai asibiti kusa. Ba ta bari na gama ba. Ta kai ni ɗaki ta nuna mini, ashe ta riga ta ɗaure kayanta a zannuwan gado, kajinta ma ta rabar. Ta dubi bangon ɗakin, ta dubi murhu, ta ce, “To.” Na samu abin da nake so, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba.

A hanyar dawowa ni kaɗai ne fasinja. Akwai wani marmaro a gefen hanya inda Vita ke tsayawa kullum ya cika gorarsa. Ya tsaya, amma bai je wajen ruwan ba. Ya buɗe ma'ajiyar kaya ya durƙusa yana karanta adireshin ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu. Duk ya san su. Shi ya sauko da yawancinsu daga dutsen nan ranar da suka tafi.

Can sai ya ce, “Kum, ka san abin da kowannensu yake gaya mini in ya zo hutu? Saura shekara kaza in yi ritaya, in dawo in gyara gidan tsoho, in kafa amya, in zauna a gindin tuffa. Zvonko ma jiya ya faɗa. To ni ina da amya tara, ina da tuffa, ina cin abincin rana da matata. In tafi in yi shekara goma sha biyar ina kwana a ɗakin gwauraye, don in dawo da sanda in nemi abin da na bari?”

Na ce to Uroš fa. Ya ce ai babu wanda ya tambayi Uroš. Tsohuwar wayarsa ba ta kamawa a kan dutse, sai na ba shi ɗaya daga cikin nawa, wanda ina jin shi ne aiki mafi amfani da ta taɓa yi. Ina tsaye ina jin muryar ɗan nasa.

“Wa ya ce maka gida nake nema a wajenka? Kawu Zvonko? Baba, ina aiki, ita ma tana aiki. In ka tafi, ina zan kawo ta cin wake ranar Lahadi?”

Vita ya mayar mini da wayar. Ya je ya wanke fuskarsa a marmaro, ya daɗe yana wankewa. Da ya dawo ya ce, “Ni na ƙoshi, kum. Kunya ce ta sa na ce ina jin yunwa.” Ya tayar da mota. Muna isa tasha ya wuce ofishin manaja ya janye takardar ajiye aikinsa, manajan kuwa har ya rako shi bakin ƙofa yana riƙe da hannunsa.

Saura saƙonni, domin Vita bai taɓa karɓar saƙo bai isa ba. Washegari da hantsi muka kwashe su duka zuwa ƙofar gidansa, inda Zvonko yake loda motarsa zai koma. Ya cika ya batse, ya ce shi ba gidan waya ba ne, motarsa ba ta ɗaukar cuku. Biserka ta riƙe ƙugu ta ce wata guda ke nan ana cika musu kunne da faɗin bayan motar nan, yau za a gani. Aka loda, har kan kujerar baya. Gaskiya kuma sai an faɗa, Zvonko bai ci amana ba. Sauran na nesa ya aika ta gidan waya, na Hamburg kuwa da kansa ya kai, ya kuma saɓa wa umarnin tsohuwa ya yi zancen ƙafar. A bikin Ista da ya biyo baya ɗan Leposava ya zo gida bayan shekara tara, kuma a motar Vita ya hau dutsen.

Mako guda bayan haka na koma Drenova na taya mahaifiyata kwance kayanta. Ina mayar da kwanuka kan kanta na tambaye ta abin da ke cina. Na ce ta san idan Vita ya tafi ta rasa gidanta, ta san kuma yana jin maganarta, me ya hana ta roƙe shi ya zauna?

Ta ce, “Kai da na haifa ban roƙe ka ka zauna ba. Da wane baki zan roƙi ɗan wani?”

Na juya na ci gaba da jera kwanukan.

Kai ne, Vita, wanda muka yi wa dariya shekara da shekaru, ashe mu ne abin dariyar. Kai ne ka san sunan kowace tsohuwa a kan dutsen nan, da maganin da take sha, da ɗan da take jira. Direban tsofaffi, mai kai saƙo har hannu. Na san ba ka son a ce sadaukarwa ka yi, kakan ce don kanka ka zauna, kuma na yarda. Wannan ma shi ne abin da ya fi burge ni. Mun ɗauka wanda ya ce ya ƙoshi rago ne, sai muka ga kai ne kaɗai a cikinmu kake da lokacin da za ka ɗauki nauyin wani. Mu masu gudu ko iyayenmu ba mu iya riƙewa ba. Jininka ya sauka tun kafin kaka ta wuce, ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba, likitan ma ya yi mamaki.

Ba zan yi ƙaryar cewa na zama kai ba. Wayoyina biyu suna nan, ofishina yana nan, gyambon ma bai tafi ko'ina ba. Amma yanzu ranar Juma'a ina rufe ofis da azahar, in bar motata, in hau sawu na biyu da ledar magani a cinyata, in kwana biyu a ɗakin da aka haife ni. Bara wani babban kamfani ya nemi in koma Belgrade in riƙe masa reshe, na ce na gode. Abokan sana'ata sun ce na fara lalacewa, kuma na ji daɗin maganar fiye da yadda suke zato.

Ba ina cewa kowa ya zauna ba ne. Wanda ba shi da abin sawa a tukunya dole ya fita nema, kuma 'yan'uwanmu da ke waje ba don jin daɗi suka tafi ba. Da ku nake, sa'annina, mu da muka haura hamsin, cikinmu a cike, amma har yanzu muna gudu don kada a ce wane ya wuce mu. Kowa ya samu wata rana ya zauna ya tambayi kansa me yake so ya yi in ya gama gudun, sannan ya leƙa bayan gidansa ya gani ko abin yana nan tuntuni. Kuma in kuna da wani irin Vita a garinku, direba ne, ko mai gasa burodi, ko malamar da ta ƙi karɓar kujerar shugaba, ku daina yi masa kallon wanda ya rasa zuciya. Ku je ku gaishe shi tun yana ji.

Ban san shekara nawa layin Drenova zai ƙara ba, manajan ma bai sani ba. Abin da na sani shi ne mahaifiyata tana gidanta, hayaƙi yana fita daga murhunta, kuma kai ne sanadi. Na gode, kum. Na gode da ka ƙi jin shawarata.

Ranar Asabar da ta wuce na sami mahaifiyata a lambu ta duƙa tana shuka tafarnuwa, layi shida, abin da ba za a cire ba sai bayan wata tara. Na ce Inna, wa zai ci duk wannan, kuma wa ya san abin da zai faru kafin lokacin? Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce in gaya maka a watan Yuli za a cire, kitso biyu na tafarnuwar naka ne, don haka kada ka yi nisa.